KUKAN RUMBUN KWAMFUTA, DA ABIN DA YA KE FAƊA WA MAI KUNNE

 Yau muna so mu yi bayani a kan wani abu wanda mutane da yawa ke ji kullum, amma kaɗan ne suka san ma'anarsa, watau kukan da rumbun kwamfuta ke yi sa'ad da ya ke aiki.

Kowa ya sani zamani ya kawo mu inda falke ba ya dogara ga littafin takarda kaɗai. Lissafin kaya, da sunayen masu bashi, da takardun ciniki, duk sun koma cikin kwamfuta. Malami kuma ya kan ɗauki hoton littattafan da ya gada, shafi bayan shafi, ya zuba su ciki don gudun gara da ruwa da gobara. To, duk wannan dukiya tana kwance ne cikin wani ɗan akwatin ƙarfe wanda bai fi tafin hannu ba. Masu gyara suna ce masa had-dis, mu kuwa za mu kira shi rumbu, domin aikinsa ke nan. Ranar da rumbun nan ya mutu, in babu kwafi a wani wuri, aikin shekaru ya tafi ke nan. Sau da yawa kuwa ba ya mutuwa sai ya yi kuka tukuna. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

YADDA CIKINSA YA KE

Wanda ya taɓa ganin garmaho ya kusa fahimtar al'amarin. Cikin akwatin akwai faifai, ɗaya ko fiye, na gorar ruwa ko na gilashi, an shafe fuskarsu da sinadarin maganaɗisu. Wani ɗan inji yana juya su, sa'an nan akwai hannu mai ɗauke da kai ƙarami a bakinsa, shi ne mai rubutu, shi ne kuma mai karatu. Bambancinsa da garmaho shi ne, allurar garmaho tana taɓa faifai, wannan kai kuwa ba ya taɓawa. Yana shawagi ne bisa iskar da juyawar faifan ke tasowa, tsakaninsa da faifai bai kai nanomita 10 ba, alhali kaurin gashin mutum ɗaya ya kan kai nanomita dubu hamsin ko fiye.

Faifan kuwa ba juyin wasa ya ke yi ba. Na kwamfutar tebur ya kan juya sau 7,200 a minti ɗaya, watau sau 120 a kowace daƙiƙa, har gefensa yana gudun da ya wuce kilomita 120 a sa'a. Na ƙaramar kwamfuta ta tafi-da-gidanka ya kan juya sau 5,400 a minti, watau sau 90 a daƙiƙa. Abin da ke gudu haka cikin iska tilas ya yi sauti.

ASALINSA

Kamfanin IBM ne ya fara fito da irin wannan rumbu a shekarar 1956, daga ma'aikatarsa ta San Jose a jihar Kalifoniya ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin wani injiniya mai suna Reynold Johnson. Rumbun yana cikin wata kwamfuta da a ke kira RAMAC. Faifai 50 gare shi, faɗin kowane inci 24, suna juyawa sau 1,200 a minti, nauyinsa kuwa wajen tan guda. Duk da wannan girma, haruffa miliyan 5 kaɗai ya ke ɗauka, abin da hoto ɗaya mai kyau na wayar hannu zai iya cikawa yau. A lokacin ba wanda ya damu da ƙararsa, don ɗaki na musamman a ke gina wa kwamfuta, ba a kwana da ita.

A shekarar 1980 kamfanin Seagate ya fito da rumbu ƙarami mai suna ST-506, wanda ya shiga kwamfutar tebur. Tun daga nan rumbu ya matso kusa da kunnen mutum. Sa'an nan aka shiga tseren sauri. A 1992 Seagate ya fito da Barracuda mai juyi 7,200, a 1996 Cheetah mai juyi 10,000, a shekarar 2000 kuma mai juyi 15,000. Sauri ya ƙaru, ƙara ma ta ƙaru, zafi ma haka. Yau kamfanoni uku ne suka rage masu ƙera irin wannan rumbu a duniya: Seagate, da Western Digital, da Toshiba.

SAUTI IRI UKU

Sautin rumbu mai lafiya iri uku ne, ya kamata mai kaya ya san kowane da dalilinsa.

Na farko shi ne gunjin juyawa, wanda ba ya yankewa muddin rumbu na kunne. Yana fitowa daga injin da ke juya faifai da kuma iskar da faifan ke yankawa. A da injin yana juyawa ne bisa boris mai 'yan ƙwallayen ƙarfe, in boris ya fara tsufa sai a ji wata siririyar ƙara kamar kukan sauro, mai shiga kai. Daga baya aka sami hikimar maye gurbin ƙwallayen da wani siririn mai, sandar tsakiya tana yawo a cikinsa ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Barracuda ATA IV na shekarar 2001 yana cikin na farko da suka yi suna da wannan, har masu son shiru suka riƙa nemansa musamman. Cikin 'yan shekaru duk masu ƙira suka bi. A 2013 kuma kamfanin HGST ya fito da rumbu wanda aka cika shi da iskar hiliyam aka toshe. Nauyin hiliyam kashi ɗaya ne cikin bakwai na iskar da mu ke shaƙa, saboda haka faifai yana yankata da sauƙi, ƙarar iska da zafi suka ragu, aka kuma sami damar jera faifai da yawa cikin akwati ɗaya.

Na biyu shi ne ƙas-ƙas na nema. Duk sa'ad da ka buɗe wata takarda, hannun nan zai zabura daga inda ya ke, ya je inda rubutun ya ke, ya tsaya cak. Zaburar da tsayawar su ke kawo wannan sauti mai kama da ɓera yana ɓare gyaɗa. Ba shi da tsari, wani lokaci ya yi yawa, wani lokaci ya lafa, gwargwadon aikin da aka ba kwamfuta. An taɓa sanya wata ƙa'ida cikin rumbuna wadda ke ba mai kaya zaɓi tsakanin lamba 128 da lamba 254. In ya zaɓi 128 hannun zai tafi a hankali, ƙara ta ragu, aiki ya ɗan yi nawa. In ya zaɓi 254 zai sami sauri tare da ƙara. Daga baya an cire wannan daga ƙa'idojin ƙira, sababbin rumbuna su ke tsara tafiyar hannunsu da kansu.

Na uku shi ne jijjiga, kuma sau da yawa ita ce ta fi damun mutane, alhali ba daga rumbun kaɗai ta ke ba. Ku duba tsirkiyar goge, in ka ja ta ita kaɗai sautinta ba ya zuwa ko'ina, sai an ɗaura ta bisa ƙwarya ta ke cika fili. To, haka rumbu ya ke. Faifai ba ya rasa ɗan rinjaye a gefe ɗaya, sai ya riƙa karkarwa sau 120 ko sau 90 a daƙiƙa. In an ɗaure shi tam da ƙarfen akwatin kwamfuta, akwatin kuma yana bisa teburin katako, sai akwati da tebur su zama ƙwaryar goge. In rumbu biyu ne a wuri ɗaya, gudunsu kuma ya ɗan saɓa, sai ka ji gunjin yana tashi yana sauka kamar numfashin mai barci. Wannan ba ciwo ba ne.

MA'AUNIN SAUTI

Kamar yadda hatsi ke da mudu, yadi ke da kamu, haka sauti ke da ma'auninsa. Sunansa bel, an ɗauko shi daga sunan Alexander Graham Bell, mutumin da aka sani da ƙirƙiro wayar tarho. Kashi ɗaya cikin goma na bel shi ne desibel. Raɗa ta kan kai wajen desibel 30, hira ta yau da kullum wajen 60. Masana lafiyar ma'aikata sun ce wanda ke zama sa'a 8 kullum cikin ƙarar da ta kai 85 yana cikin haɗarin raunin ji. Rumbun gida kuwa, a takardar masu ƙira, ya kan faɗa tsakanin 20 da 30, manyan na ma'aikatu su ɗan haura haka sa'ad da su ke nema. Ashe ke nan rumbu ɗaya ba ya kurumta kowa. Damuwarsa ga mai nazari ne da tsakar dare, ko mai ɗaukar muryar karatu a ɗaki, lokacin da gari ya yi tsit.

Amma a lura, wannan ma'auni ba ya tafiya kamar lissafin kuɗi. Ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka biyu. Ƙarin desibel 10 yana nufin ya ninka goma, ko da ya ke kunne yana jinsa kamar ninki biyu ne kawai. Saboda haka rumbu biyu masu 25 kowane, in sun haɗu 28 za su ba ka, ba 50 ba. Guda goma kuwa 35. Har wa yau, a fili, duk sa'ad da ka ninka nisanka da abin, sauti zai ragu da desibel 6. Wanda ya matsar da kwamfutarsa daga kamu biyu zuwa kamu huɗu ya rage ƙara ba tare da ya kashe ko anini ba.

Ga wata mas'ala da ke ruɗa masu saye. Ma'auni biyu ne a ke amfani da su. Ɗaya yana auna dukan ƙarfin sautin da abin ke fitarwa, a kan rubuta shi da bel. Ɗayan yana auna abin da ya iso kunne daga wani nisa. Misalinsu kamar fitila ne, ƙarfin harshen wutar dabam, hasken da ya sauka bisa shafin littafinka dabam. Akwai ƙa'idar duniya mai lamba ISO 7779 wadda ta tsara yadda a ke auna ƙarar irin waɗannan na'urori. Don haka in za ka gwada rumbu biyu, ka tabbata ma'auni ɗaya aka yi musu, kada ka auna gero da mudu, dawa da tiya, ka ce ka gane mai araha.

KUKAN LAFIYA DA KUKAN AJALI

Yanzu mun zo ga abin da ya fi muhimmanci. Gunji mai ɗorewa lafiya ne. Ƙas-ƙas maras tsari lokacin aiki lafiya ne. Ƙas guda ɗaya sa'ad da ka kashe kwamfuta, ko bayan ta ɗan zauna ba aiki, shi ma lafiya ne, hannun ne ya koma mazauninsa ya huta.

Amma akwai sauti huɗu waɗanda in ka ji su, lalle ka tashi tsaye. Na ɗaya, ƙas, ƙas, ƙas, mai tsari, ana maimaitawa daidai kamar bugun agogo, kwamfuta kuma ta tsaya ko ta kasa ganin rumbun. Ma'anarsa kai ya fita neman alamomin da ke nuna masa hanya bisa faifai, bai same su ba, ya koma, ya sake fitowa. Turawa suna ce wa wannan ƙas-ƙas na mutuwa. Wani lokaci kuwa ƙarancin wuta ne ko lalatacciyar waya ke kawo shi, musamman ga rumbun da a ke jonawa daga waje, don haka a gwada wata waya sau ɗaya. In bai daina ba, a kashe. Na biyu, ƙarar gurza ko ta niƙa. Wannan ita ce mafi muni, domin kai ne ya faɗi bisa faifai yana kankare fatar da rubutu ke ciki, kowane juyi ɗaya yana cinye wani abu daga dukiyarka, abin da aka kankare kuwa ba mai dawo da shi. Na uku, ƙara siririya tana maimaituwa ba tare da an ji faifai ya tashi ba, watau injin yana so ya juya amma wani abu ya riƙe shi. Na huɗu, rumbu ya tashi, ya mutu, ya sake tashi, ya sake mutuwa.

Kada kuwa mutum ya ce tun da bai ji kome ba, to lafiya lau. A shekarar 2007 injiniyoyin Google suka buga sakamakon binciken rumbuna fiye da 100,000. Kowane rumbu yana da wani tsari na duba lafiyar kansa mai suna SMART, amma binciken ya nuna kimanin 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama ta wannan hanya ba. Sabon rumbun zamani kuma, wanda a ke kira SSD, ba shi da faifai ba shi da hannu, don haka ba ya sauti ko kaɗan, ya fi sauri, ya fi jure faɗuwa. Amma shi ma yana mutuwa, kuma mutuwarsa ta shiru ce.

RUMBU MA YANA JIN ƘARA

Abin mamaki, yadda rumbu ke damunmu da ƙara, haka ƙara ke damunsa. Layukan rubutu bisa faifai sun matsu ƙwarai, jijjiga kaɗan ta isa ta kautar da kai daga layinsa. A 2008 wani injiniya na kamfanin Sun Microsystems mai suna Brendan Gregg ya nuna haka a hoton bidiyo. Ya kai bakinsa kusa da jerin rumbuna ya kurma ihu, nan take ma'auni ya nuna aikinsu ya yi jinkiri.

A watan Satumba na 2016 bankin ING a Bukares, babban birnin Romaniya, ya yi gwajin na'urar kashe gobara mai feso iska da ƙarfi a ɗakin ajiyar bayanansa. Ƙarar fitar iskar, wadda aka ruwaito ta wuce desibel 130, ta lalata rumbuna da dama, masu ajiya suka yi wajen sa'a 10 ba su iya cirar kuɗi da kati ba. A watan Afrilu na 2018 irin wannan ta faru kusa da Istokholm a ƙasar Suwidin, kasuwar hannun jari ta Nasdaq ta ƙasashen arewacin Turai ta makara sa'o'i ba ta buɗe ba. A 2022 kuma wani ma'aikacin Microsoft, Raymond Chen, ya ba da labarin cewa a zamanin Windows XP an gano wata waƙar Janet Jackson mai suna Rhythm Nation tana tsayar da waɗansu ƙananan kwamfutoci, domin wani sauti a cikinta ya yi daidai da karkarwar rumbunsu mai juyi 5,400.

Har ma kukan rumbu yana iya tona asiri. A 2016 masu bincike a Jami'ar Ben-Gurion ta Isra'ila suka nuna cewa in an sa wa kwamfuta muguwar manhaja, za ta iya sarrafa ƙas-ƙas na hannun rumbu ya zama saƙo, wata na'ura da ke nisan mita 2 ta saurara ta karanta.

To, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. In ƙara ta tsayar da banki, mai shago ya kamata ya yi tunani kafin ya girke kwamfutarsa jikin babbar lasifika, ko bisa benci ɗaya da janareto.

NASIHA

Wanda ƙara ta dama, ya sa 'yan robobi tsakanin rumbu da ƙarfen akwati, ya ɗaure kusoshin da suka saki, ya sauke kwamfuta daga teburin da ke amsa gunji. Ya duba da kyau kuma, don sau da yawa fanka ce mai ƙura ke kuka a ke zargin rumbu. In ajiya kawai ya ke so, mai juyi 5,400 ya fi mai 7,200 shiru da sanyi. Amma kada ya naɗe rumbu da tsumma ko soso don ya kashe ƙara. Yawancinsu ba a yi su don su wuce zafin digiri 60 ba, a ƙasarmu kuwa inda bazara ke haura digiri 40 a inuwa, tazarar da ta rage ba ta da yawa.

Kada a ɗaga kwamfuta ko a buge ta tana aiki. Wanda zai sayi rumbu na gwanjo ya sa a kunna masa a wuri mai shiru, ya kara kunnensa, sa'an nan ya ce a nuna masa a SMART sa'o'in da rumbun ya yi yana aiki.

In kuwa ka ji ɗaya daga cikin sauti huɗun nan, ga abin yi. In har rumbu yana buɗewa, kuma ba ƙarar gurza ka ji ba, kwafe mafi muhimmanci tukuna, littafin bashi da hotunan littattafai kafin kome. In ba ya buɗewa, ko yana gurza, kashe shi nan da nan, kada ka yi ta kunnawa kana fatan sa'a. Kada ka bubbuga shi, kada ka sa shi cikin firiji kamar yadda waɗansu ke cewa, kada kuma ka bari a kwance murfinsa a kan teburin kasuwa, domin ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya ta fi tazarar da ke tsakanin kai da faifai girma nesa ba kusa ba. Masu wannan aiki na gaskiya a ɗaki maras ƙura su ke buɗe shi, kuma ladansu ya kan fi kuɗin sabon rumbu sau da yawa.

Maganin da ya fi duka shi ne kwafi. Abin da ba ka so ka rasa, ka ajiye shi wuri uku, biyu a hannunka cikin na'urori dabam dabam, ɗaya kuma a wani gida ko wani gari, yadda gobara ko ɓarawo ba za su haɗa su ba. Ka sa wa kanka rana guda a mako ta sabunta kwafin, ka kuma riƙa buɗe shi jefi-jefi ka tabbata yana karantuwa. Magabata da suka kwafi littafi da alƙalami sau biyu sau uku suka rarraba wa almajirai, wannan hikimar suka bi, shi ya sa littattafansu suka iso gare mu.